Waiwaye: A Danna Ina, Sannan Sai Me?

Daminar 2009 ba ta yi albarka ba a Nijar, shi ya sa 2010 ta zo da yunwa. Rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, dabbobi suka rame, maza suka yi ta ficewa ci-rani. A cikin wannan hali ne ƙungiyar agaji ta Concern Worldwide ta gwada wani abu da ba a saba gani ba a jihar Tawa. Ta ɗauki ƙauyuka 96 ta kasa su kashi uku. Kashi biyu aka riƙa ba su kuɗin tallafi hannu da hannu, ɗaya daga cikinsu har da kyautar wayar salula, kashi na uku kuwa aka raba wa matan waya, aka riƙa tura musu kuɗin ta Zap, wato tsarin tura kuɗi na kamfanin Zain, wanda a shekarar ne ya koma Airtel. Kowane gida yana samun kimanin jika 22 a wata, har wata biyar. Wata malamar jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, ita da abokan aikinta suka bi diddigin abin, suka gano cewa gidajen da aka tura wa kuɗi ta waya sun fi sauran cin abinci iri-iri. Dalili ɗaya shi ne matan sun huta da doguwar tafiya da zaman jira a rana, sun sami sarari sun koma gona da sana'a.

An yi ta ba da labarin wannan gwaji a tarurruka a matsayin nasarar waya. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Akasarin matan nan ba su iya karanta abin da ke fitowa a fuskar wayar ba, don ba su shiga makaranta ba, rubutun kuma da Faransanci yake. Abin da ya sa aikin ya tafi shi ne an zauna da su an yi musu bayani da baki, gajere: in saƙo ya shigo, ki ɗauki wayar ki kai wa wakili, ya ba ki kuɗinki. Yawancinsu haka suka yi, suka riƙa cire kuɗin gaba ɗaya a tashi guda. Sauran abubuwan da tsarin yake iya yi, ajiya da tura wa ɗan'uwa da sayen katin kira, suna nan a cikin wayar, amma rubutun da ke kai mutum gare su bai zama nasu ba. Tun daga wancan lokaci wayoyi sun canza, kamfanoni sun canza suna da masu su, rezo ya kai inda a da sai an hau tudu. Shi kuwa rubutun da ke faɗa wa mutum yadda zai yi aiki da na'urar, yana nan kusan yadda aka bar shi.

Ɗauki Galma Kudawace, ƙaramar hukuma a gundumar Madawa. Ƙasar noman gero ce da dawa da damina, da rani kuma hankalin mutanen yankin yana kan albasa, wadda fadamar Tarka da garuruwan kewayen Galmi suka yi suna da ita har Abijan da Akara da Kwatano. Sannan ga ci-rani: da wuya ka shiga gida a Adar, daga Madawa zuwa Buza da Keita, ba ka tarar da wani nasu yana Kwaddibuwa ko Libiya ko Aljeriya ko Nijeriya ba. Kuɗi suna yawo sosai a wannan ƙasa, kuma yanzu da yawansu ta waya ko ta kantunan aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana suke bi. Mutanen da ke wannan hada-hada sun san lissafi fiye da yadda ɗan ofis yake zato. Dillalin albasa yana riƙe da bashin mutum ashirin a ka, ba ya ɓata ko dala. Amma ka miƙa masa waya ka ce ya tura kuɗi da kansa, sai ya ce a kira yaro.

Wata ranar kasuwa a yankin na zauna kusa da teburin wani saurayi mai cajin waya, wanda kuma yake taya mutane tura kuɗi. A bangon rumfarsa akwai takardar wani kamfani, mai launi, wadda aka ce bayanin yadda ake aikin ne. Layinta na farko yabon kamfanin ne, na biyu sharuɗɗa, sai can ƙasa da ƙananan baƙaƙe aka jera matakan. Ban ga wanda ya ɗaga kai ya dube ta ba. Sai ga wani dattijo ya zo da ƙaramar wayarsa a ɗaure cikin leda.

“Sannu da zuwa, Baba. Me za a yi?”

“Kuɗi zan aika wa ɗiyata, ɗana. Tana likita a Madawa da jinjiri.”

“Allah ya ba shi lafiya. Nawa ne?”

“Jika goma sha biyar.”

“To Baba, kafin mu taɓa komai, lambar sirrinku tana kanku? Kada ku faɗa mini. In na miƙo muku wayar, ku za ku danna da hannunku, ni zan kau da kai. Kuma ku sani, in kuɗi suka tafi lambar da ba ita ba, dawo da su aiki ne. Ina lambar tata?”

Dattijon ya zaro guntuwar takarda daga aljihu. Saurayin ya karanta lambobin takwas bibbiyu-bibbiyu, ya sake karantawa, ya kira lambar aka ji muryar matar, sannan ya fara dannawa. Da ya zo wurin kuɗi ya faɗa a fili: “Jika goma sha biyar, ɗaya, biyar, sifili uku.” Ya miƙa wayar, ya juya fuska, dattijon ya danna lambobinsa huɗu a hankali. Can ya karɓa ya duba ya ce, “Sun tafi, Baba. Saura jika biyu da dala arba'in a ciki. Ku kira ta ku ji.”

Duk ƙa'idar da masana rubutun fasaha suke koyarwa tana cikin abin da wannan saurayi ya yi, ko da yake bai taɓa jin sunanta ba. Ya fara da tambayar abin da mutumin yake so ya yi. Gargaɗi ya zo kafin aiki, lokacin da yake da amfani. Kowace magana aiki ɗaya ta ƙunsa, kuma a jere yadda hannu zai bi. Ya juya kuɗin daga yadda dattijon yake ƙirga su zuwa yadda na'ura take so. A ƙarshe ya faɗi abin da ya faru da abin da ya rage, ya ba da hanyar tabbatarwa. Takardar bango ba ta yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, alhali an biya wani ya rubuta ta, an biya wani ya buga ta.

Batun ƙirgar kuɗi ya isa a tsaya a kansa, don a nan ne aka fi cutuwa. Bahaushen Nijar ba ya ƙirga sefa ɗaya-ɗaya. Dala ita ce sefa 5. Dala ashirin 100 ke nan, dala ɗari 500, jika kuma 1000. Da wannan ake ciniki a kowace kasuwa daga Ƙonni zuwa Damagaram. Waya kuwa wuri ɗaya take buɗewa ta ce a sa adadi, ba ta san dala ba, ba ta san jika ba. Wanda ke da niyyar aika dala ɗari, in ya rubuta 100 kamar yadda bakinsa ya faɗa, kashi ɗaya cikin biyar ya aika. Wanda ya ɓata ƙirgar sifili ɗaya kuma, ko dai ya aika jika ɗaya da rabi maimakon goma sha biyar, ko ya kwashe abin da ya tara. Gyaran wannan bai fi layi ɗaya ba: kafin a nemi lambar sirri, wayar ta nuna “15 000 F, wato jika 15, zuwa lamba kaza. Haka ne?” Mai rubuta manhaja zai yi wannan lissafi kafin shayinsa ya huce. Abin da ya hana shi ne bai taɓa tsayawa a kasuwa ya ji yadda ake faɗin kuɗi ba, ko kuwa ya ji amma bai ɗauka aikinsa ya shafi hakan ba.

Ga kuma lokaci. Tsarin nan da ake shiga da alamar tauraro, a sa lamba, a rufe da alamar #, ba ya jira. In mutum ya daɗe bai amsa ba sai ya yanke, a sake daga farko. Mai saurin karatu ba ya ma lura da haka. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana haɗa baƙi da wasali ɗaya bayan ɗaya kuwa, kowace kalmar da aka ƙara ba dalili tana cinye masa lokacin da zai danna. A irin wannan wuri tsawon jimla shi ke raba wanda zai iya da wanda zai haƙura ya ba wani wayarsa da lambar sirrinsa, kuma ta nan ake yi wa tsofaffi da mata sata.

Ba masu tura kuɗi kaɗai abin ya shafa ba. Yau ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye, da malamin gona, da matasan da ƙungiyoyi ke ɗauka ƙidayar gidaje, duk da waya ko ƙaramar kwamfuta suke cika bayanai, da manhajoji irin su KoboCollect. A kan tara su a ba su horo na ƴan kwanaki, a sallame su da littafin jagora mai kauri, su koma ƙauye inda babu wanda za su tambaya. Na ga irin waɗannan littattafai, har da waɗanda aka yi ƙoƙari aka mayar da su Hausa, kuma jimlolinsu kan zo da irin wannan siffa: “Domin tabbatar da samun nasarar aiwatar da aikin daidaita bayanai tsakanin na'ura da uwar garke, ana buƙatar mai amfani ya tabbatar da kasancewar haɗin intanet kafin ƙaddamar da aikin, kasancewar rashin yin hakan ka iya haifar da asarar bayanan da ba a adana ba.” Kowace kalma a ciki Hausa ce, amma ka karanta wa ma'aikacin ka tambaye shi me zai yi yanzu, sai ya yi shiru. An ɓoye mai aikin a bayan “ana buƙatar”, an mai da aikatau sunaye an jera su kamar buhuna a sito, sannan abin da ya fi komai haɗari, wato ɓatan aikin yini guda, an ajiye shi a wutsiya.

Abin da ake so a faɗa bai wuce wannan ba: “Kada ka goge takardar da ka cika sai ka aika ta. In ka goge, ta tafi ke nan. Je inda akwai rezo. Kunna intanet. Danna Aika. Jira har adadin takardun da ke jira ya koma sifili.” Ba a rage komai daga ilimin ba. An dai sa shi a jerin da mutum zai bi yana tsaye a rana, batirinsa na shirin mutuwa.

Akwai masu ganin irin wannan rubutu raini ne ga mai karatu, ko kuwa abu ne da ake yi wa marasa ilimi don tausayi. Tarihin abin bai goyi bayansu ba. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin sauƙaƙa rubutun fasaha mafi tsanani a duniya, ta masu gyaran jiragen sama ce. Kamfanonin jiragen Turai ne suka koka cewa littattafan gyara da Ingilishi ake rubuta su, makanikai da yawa kuma ba harshensu ba ne, kuskure ɗaya kuwa rayuka ne. Ƙungiyar masu ƙera jirage ta Turai, AECMA, ta fitar da jagora a 1986, wanda yau ake kira ASD-STE100. Kalmomin yau da kullum da aka yarda a yi amfani da su ba su fi kimanin 900 ba, ban da sunayen kayan aiki. Kalma ɗaya ma'ana ɗaya. Jimlar umarni kada ta wuce kalma 20, ta bayani kada ta wuce 25. Umarni ɗaya a jimla ɗaya, kuma a faɗe shi kai tsaye: cire, ɗaura, duba. Tun kafin su, a farkon shekarun 1970, kamfanin Caterpillar mai ƙera katafila ya tsara nasa taƙaitaccen Ingilishi don makanikansa na ƙasashen waje. Amurka ta yi doka a 2010 da ta wajabta wa ma'aikatun gwamnatin tarayya su rubuta wa jama'a da harshe mai sauƙi. A batun jirage da katafila, mutane ne masu digiri suke rubuta wa masu takardar shaidar ƙwarewa. In injiniyan jirgi yana buƙatar gajeriyar jimla don kada ya yi kuskure, ban ga dalilin da za a hana ungozomar Buza ita ba.

Mu ma muna da namu gadon, sai dai mun yi sakaci da shi. Hukumar fassara da aka kafa a Arewacin Nijeriya wajen 1929, wadda ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East, daga fassara ta fara, amma ba a daɗe ba aka gane cewa sai an sa ƴan ƙasa sun rubuta da kansu abin zai karɓu. Daga nan aka sami Abubakar Imam, aka sami jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939. Jarida ce da mutum ɗaya kan karanta wa goma a zaure, don haka dole jimlarta ta zama wadda kunne zai kama a ji ɗaya. East da Imam sun kuma haɗu sun rubuta Ikon Allah, littafin da ya yi bayanin halittu da kimiyya da Hausar da ɗan firamare zai bi. Wannan awo na zaure, a karanta a fili a ga ko wanda bai ga takardar ba ya gane, har yau ban san awon da ya fi shi ba ga duk mai rubuta jagorar manhaja.

A gona ma an taɓa yin abin da ya dace, kuma a Nijar aka yi. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, da abokan aikinsu sun gano cewa ɗan taki kaɗan in aka sa shi a ramin shuka yana ɗaga amfanin gero sosai. A takardar masana, abin kilo 60 ne na takin NPK a hekta mai rami 10,000, wato giram 6 a kowane rami, ko giram 2 in takin DAP ne. Da a haka aka kai wa manomi, da ya tsaya a takarda, don ba mai ma'aunin giram a gona. Sai aka ce masa: cikin murfin kwalbar lemo ɗaya a kowane rami, ko abin da yatsu uku za su ɗebo in ɗaya takin ne. Lissafin masanan yana nan daram a cikin murfin kwalbar. Wani ne ya ɗauki wahalar juya shi sau ɗaya, don kada dubban manoma su yi ta fama da shi kowace damina.

Ka kwatanta da kwalbar maganin feshi da mai albasa yake saye a kasuwa. Rubutun jikinta da Faransanci ne in ta bi hanyar da hukumar tantance magungunan ƙwari ta ƙasashen ƙungiyar CILSS ta yankin Sahel ta amince, ko da Ingilishi in daga Nijeriya ta shigo, kuma ƙungiyar RECA ta manoman Nijar ta sha jan hankali cewa da yawan abin da ke kasuwa ba a tantance shi ba. Awon da ke jiki lita ne a hekta. Manomi kuwa fangali yake ƙirgawa, famfon feshinsa na goyo lita 15 ko 16 yake ci. Kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a cire amfani, yana nan a rubuce da baƙaƙen da sai mai ƙarfin ido. Sakamakon shi ne kowa ya auna da ka, galibi ya zarce, ya shaƙa, ya sayar wa mutane su ci. A nan ne kuma nake ja wa masu son sauƙaƙawa kunne, don murfin kwalba ba ɗaya ba ne, magani kuma wani ya fi wani ƙarfi. Wanda ya ce “murfi biyu” bai faɗi wane murfi da wane magani ba, ya fi mai dogon Faransanci ɓarna. Sauƙin da nake nufi yana buƙatar marubucin ya san abin fiye da wanda ya kwafe shi daga littafin masana, ya san abin da za a iya zubarwa da abin da in aka zubar za a yi asara. Gajarta da ke cinye gargaɗi ha'inci ce.

Yanzu Hausa ta shiga na'ura. Google ya sa ta cikin manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013, Facebook ya buɗe shafinsa da ita a 2016, wayoyi da dama suna da ita a jerin harsuna. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Na yi murna da wannan ƙwarai, kuma tsorona ya taso ne daga murnar. In ma'aikatu da kamfanoni suka ɗauki tsofaffin takardunsu masu nauyi suka zuba wa na'urar fassara, ko suka ba wani ɗan boko ya bi su kalma da kalma, za a wayi gari da tarin takardun Hausa da Bahaushe ba ya ganewa. Wannan ya fi na da muni ta wata fuska, don a da mutum yana iya cewa ba harshensa ba ne. Gobe za a ce masa ga shi nan da harshenka, sai ya ɗauka kansa ne ba ya ja, ya ji kunyar tambaya.

Alamun haka sun riga sun bayyana. A manhaja ɗaya za ka ga “kalmar sirri” a shafin farko, “kalmar wucewa” a na biyu, “mabuɗi” a na uku, duk abu ɗaya ake nufi. Malamin insha'i yana son a sauya kalma don kada a gundiri mai karatu, kuma a labari yana da gaskiya. A jagorar na'ura kuwa, duk sabuwar kalma mai karatu yana ɗauka sabon abu ne, sai ya tsaya neman mabuɗin da babu shi. In maɓallin da ke fuskar waya an rubuta masa Aika, to takarda ma ta ce Aika, kada ta ce tura ko miƙa ko isar. In kuma maɓallin har yanzu da Faransanci yake, a rubuta shi yadda yake a jikin wayar, a sa hotonsa, sannan a faɗi aikinsa da Hausa, don ido abin da ya gani yake nema.

Sai batun wace Hausa. Mafi yawan fassarar da ke cikin na'urori daga Nijeriya take fitowa, da kalmomin aro na Ingilishi. Mutumin Galma rezo ya sani, na Kano sabis ko netwok. Nan a ce lakkwal da likita, can a ce makaranta da asibiti. Ba na goyon bayan a ƙirƙiro wata kalma ta uku da ba mai faɗinta a ko'ina don kawai a guje wa aro. Kalmar da ta riga ta zauna a bakin masu aikin ita ce tasu, ko daga ina ta zo. Inda Nijar da Nijeriya suka saɓa, manhaja tana iya ɗaukar biyun, kamar yadda take bambanta Faransancin Faransa da na Kanada. Aikin masana harshe na jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da na jami'ar Bayero ta Kano a nan shi ne su tattara abin da ake faɗa su daidaita rubutunsa, su bar ƙirƙira sai inda babu kalma sam.

Wani zai ce ai maganin duk wannan shi ne murya, tunda mutanenmu sun rungumi saƙon murya na WhatsApp, RECA ma tana amsa tambayoyin manoma ta waya da saƙon murya cikin Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan ƙasa. Gaskiya ne murya ta buɗe ƙofa babba. Amma saƙon murya ma rubuta shi ake yi kafin a karanta, kuma wanda ya saba da doguwar jimla a takarda, ita zai karanta a makirufo. Mai sauraro ba shi da damar komawa layin sama da ido, don haka abin da ya wajaba a takarda ya fi wajaba a murya. Kada kuma a yanke ƙauna da rubutu. A 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services ta gwada sa wayar salula cikin azuzuwan yaƙi da jahilci a jihohin Doso da Damagaram, aka koya wa manya inda baƙaƙe da lambobi suke a jikin waya da yadda ake aika saƙo da Hausa da Zabarmanci. Waɗanda suka yi karatu da waya sun fi sauran ci a jarrabawar rubutu da lissafi. Mutane suna son su karanta abin da ke wayarsu, kuma suna iyawa in an rubuta shi don su.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk kamfani ko ma'aikata ko ƙungiyar da za ta fitar da manhaja ko jagorarta don mutanen wannan yanki, kafin ta buga ta kai daftarin kasuwar Galma ko ta Madawa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da albasa ta fito kuɗi suke yawo. A ba dillali da mai tuwo-tuwo da ungozoma da dattijo, a ce kowa ya yi aikin da kansa, marubucin ya zauna gefe ya kama bakinsa. Duk inda yatsa ya tsaya, a sa alama, jimlar wurin ce ke da laifi. Samarin nan masu caji da tura kuɗi kuma a ɗauke su aiki a biya su, don sun shekara suna gyara kurakuran takardun da baki, sun san tambayar da ake yi kullum da wurin da ake ɓata.

Da za a ba ni zaɓin saƙo ɗaya da za a fara gyarawa, zan ɗauki wanda ke fitowa in rezo ya yanke ana tsakiyar tura kuɗi. Yanzu abin da akan gani shi ne an sami matsala, a sake gwadawa, wani lokaci da wata lambar kuskure da ba ta da amfani ga kowa sai injiniya. Mutum ba ya sanin ko kuɗinsa sun fita ko suna nan. Wani ya sake turawa ya biya sau biyu, wani ya hau babur har Madawa don ya tambaya. Saƙon ya kamata ya faɗi abu uku a jere: kuɗinka ba su fita ba, ga abin da ke cikin asusunka da sefa da jika, ka jira rezo ya dawo ka sake. In kuma sun fita amma ba su isa ba, ya faɗi haka ƙarara, ya hana shi sake turawa, ya ba shi lambar da zai kira da lokacin da za a amsa masa da Hausa.